Zaɓen Akwatin Mararrabar Kwamfuta: Ƙarfinsa, da Tsaronsa, da Gyaransa

Jawabi ga shugabannin makarantu, da ma'aikatan lafiya, da masu cibiyoyin kwamfuta na Rijiyar Zaki da kewaye



Abin da ya tara mu yau wani ɗan akwati ne wanda ba a cika kula da shi ba, ko da ya ke aikin kwamfutocinmu duka ta cikinsa ya ke bi. Masu sana'ar suna kiransa suwic. Mu kuwa a cikin jawabin nan za mu kira shi akwatin mararraba, domin a wurinsa hanyoyin kwamfutoci su ke haɗuwa, a wurinsa kuma su ke rabuwa.

Kowa ya ga yadda Rijiyar Zaki ta sake kama. Gonaki da yawa na gefen hanyar Gwarzo, inda a ke noman gero da dawa da gyaɗa, sun zama gidaje da makarantu da kantuna, ga kuma sabon mazaunin Jami'ar Bayero a maƙwabtanmu. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya bisa kwamfuta. Saboda haka yaron da ya shekara yana karatu, ran jarrabawa rabonsa yana rataye ga waɗansu wayoyi da wani akwati da ke maƙale a bango. In akwatin ya ƙi, wahalar yaron ta tashi a banza, sunan mai cibiya kuma ya ɓaci. Haka abin ya ke ga asibitin da ke ajiye bayanan marasa lafiya a kwamfuta, da ofishin da ke lissafin albashi.

Maganar da na zo da ita guda ce. Kada a sayi akwatin nan don araharsa da yawan kafofinsa kaɗai. Kafin a miƙa kuɗi, lalle a yi tambaya uku: Zai iya ɗaukar kayan da za a aza masa? Ana iya kulle shi? Wa zai riƙa gyara manhajar da ke cikinsa, har zuwa yaushe? Ta ukun nan ita ce a ka fi mantawa da ita, ita ce kuwa ta fi cizo.

Aikin akwatin

Hanyar haɗa kwamfutoci da waya wadda duniya ta ke bi yau sunanta Ethernet. Wani injiniya mai suna Robert Metcalfe da abokan aikinsa su ka ƙago ta a kamfanin Xerox na Amurka a 1973. Da farko kwamfutoci duka bisa hanya guda su ke magana, kamar mai shela a kasuwa: in ɗaya tana magana sai sauran su saurara, in biyu sun yi magana tare sai a ruɗe. A 1990 wani kamfani mai suna Kalpana ya fito da akwatin mararraba na farko, wanda ya raba wannan gardama.

Ku dubi ɗan kamasho a tashar mota. Fasinja ya zo, ya tambaye shi inda za shi, ya nuna masa motar garin, ba ya tashin sauran direbobi. Haka akwatin nan ya ke yi. Kowace kwamfuta tana da lambarta, akwatin yana riƙe da lambobin duka, ya san kafar da kowace ta ke. Saƙo ya kan zo a ƙunshi-ƙunshi, ya duba lambar da ke jikin ƙunshin, ya tura shi kafar mai shi kaɗai.

Akwatunan iri biyu ne. Akwai marar linzami, wanda sai dai a jona masa wuta da wayoyi ya kama aiki, ba a iya ba shi umurni, ba ya kuma ba da labarin abin da ke gudana a cikinsa. Akwai mai linzami, wanda mai kula da shi ya ke shiga ta kwamfuta ya tsara shi yadda ya ke so. Marar linzami ya isa ga shagon buga takardu mai kwamfuta huɗu ko biyar. Amma inda a ke jarrabawa, ko a ke ajiye asirin mutane, ko a ke lissafin kuɗin jama'a, mai linzami ya wajaba.

Tambaya ta farko: zai ɗauki kayan?

Ana auna saurin kowace kafa da megabit a daƙiƙa guda. Mai megabit 100 ta fito a 1995. Mai megabit 1,000, watau gigabit guda bisa wayar tagulla, ta fito a 1999. Har yanzu a kan ga akwatuna masu megabit 100 a kasuwa da araha, amma wanda zai kafa cibiya yau kada ya sayi abin da ya gaza gigabit guda a kowace kafa.

Sa'an nan a duba ƙarfin cikin akwatin, gama kafa mai faɗi ba ta da amfani in tsakar gida ƙunci gare ta. Lissafin mai sauƙi ne. Kowace kafa tana aikawa tana karɓa a lokaci guda, saboda haka a kan ninka sau biyu. Akwati mai kafa 24 na gigabit, cikakken ƙarfinsa gigabit 48 ne. In an ƙara masa manyan kafofi 4 masu gigabit 10, jimla ta zama 128. Wannan adadi yana rubuce a takardar bayanin akwatin. In abin da ke rubuce ya gaza lissafin nan, to, ran da kwamfutoci duka su ka tashi aiki tare, cunkoso zai auku.

Wurin da a ka fi yin kuskure shi ne hanyar da ke haɗa akwati da akwati. A ce cibiya tana da kwamfuta 250. In an yi aiki da akwatuna masu kafa 48, sai an sami 6, da kuma babba guda wanda zai tara su ya haɗa su da uwar kwamfutar da ke riƙe da tambayoyi. In kowane ƙaramin akwati da waya guda mai gigabit ɗaya a ka haɗa shi da babban, ya zama an tura garke ta ƙofar zaure. Gwamma a nemi mai manyan kafofi na gigabit 10, ko kuwa mai iya ɗaure wayoyi biyu ko huɗu su zama hanya guda. Kada kuma a jera akwatuna kamar carbi, wannan bayan wancan, domin in na tsakiya ya mutu, na bayansa duka sun yanke. Kuma a bar kafa ɗaya cikin biyar a wofi, don ƙarin da zai zo.

Waya ma tana da iyaka. Wayar tagulla ba ta wuce mita 100 daga akwati zuwa kwamfuta. Nau'in da a ke kira Cat5e ya isa gigabit guda. Cat6 ta fi shi, tana ɗaukar gigabit 10 har kimanin mita 55. A yi hattara da wayar da cikinta sanholo ne, tagullar shafe ce kawai. Tana da araha, amma tana saurin karyewa, tana kuma ɗaukar zafi. Tsakanin gini da gini kuwa, a sa zaren gilashi, domin yana zuwa nesa, kuma ba ya jawo tsawa zuwa cikin kayan aiki da damina.

Akwai akwatunan da ke ba da wuta ta cikin wayar saƙo, don kyamarar tsaro da na'urar Wi-Fi da tarho. Ƙa'idar 2003 ta ba kowace kafa wat 15.4, ta 2009 ta kai wat 30, ta 2018 ta kai wat 90. Abin dubawa shi ne jimlar wutar da akwatin ya ke da ita. Mai kafa 24 da jimlar wat 370 zai ciyar da kafofinsa duka da wat 15.4. Mai jimlar wat 195 kuwa, 12 kaɗai zai iya, ko da ya ke a ido kamarsu ɗaya.

Bayan wannan sai halin ƙasarmu. A watan Afrilu zafin Kano ya kan haura digiri 40 a inuwa, akwatuna da yawa kuwa iyakar haƙurinsu digiri 40 ne ko 45. A duba wannan adadi, a sa akwatin a kabad mai shan iska, nesa da kwanon rufi. Ƙurar hunturu tana toshe fankarsa, saboda haka a riƙa hure ta. Wutar KEDCO da ta janareta kada su shiga akwatin kai tsaye, sai ta hanyar batirin ajiya ko inbata, tare da abin kare hauhawar wuta da ƙarfen da a ka kafa a ƙasa.

Tambaya ta biyu: ana iya kulle shi?

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagewa ta farko ita ce kalmar sirri wadda na'ura ta zo da ita daga masana'anta. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi duniya tana gwada kalmomin sirri kimanin 60 irin na masana'anta, da su ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da makamantansu. Ran 21 ga Oktoba na shekarar a ka yi amfani da su a ka auka wa kamfanin Dyn a Amurka, har Twitter da Netflix su ka gagari mutane da yawa na sa'o'i. A ƙarshen shekarar kuma a ka auka wa kamfanin waya na Lonestar a Laberiya da irin wannan makami, wanda ya aikata kuwa kotun Ingila ta ɗaure shi a Janairun 2019. Kyamarori irin waɗannan su ne mu ke jonawa a akwatunanmu. Don haka aikin farko ran da a ka buɗe kwali shi ne sauya kalmar sirri, ta akwatin da ta duk abin da za a jona masa.

Sa'an nan a tabbata akwatin yana da waɗannan abubuwa kafin a saya.

Na ɗaya, shinge. Manomi ya san amfanin iyaka tsakanin gona da gona. Akwati mai linzami yana iya raba kafofinsa gida-gida, abin da masu sana'ar su ke kira VLAN, wanda ƙa'idarsa ta fito a 1998. Kwamfutocin ɗalibai su zauna sashe guda, na ofishin kuɗi sashe guda, kyamarori sashe guda, baƙi masu shiga Wi-Fi sashe guda. Ko ɓarna ta shiga wani sashe, shinge ya tare ta.

Na biyu, mai gadin ƙofa. A rufe duk kafar da ba a aiki da ita. Wadda ke aiki kuwa a ɗaure ta ga kwamfutarta, yadda in baƙo ya zare waya ya jona tasa, ƙofa ta rufe. Manyan wurare su nemi ƙa'idar 802.1X, wadda ke tambayar kowace na'ura shaidarta kafin ta shiga. A nemi kuma mai hana wata baƙuwar na'ura raba wa kwamfutoci adireshin ƙarya.

Na uku, maganin zagaye. In wani ya ɗauki waya guda ya jona bakinta biyu a akwati ɗaya, ko da wasa ne ko da kuskure, saƙo zai yi ta kewayawa yana ninkuwa har kome ya tsaya cik cikin ɗan lokaci. Wata masaniya mai suna Radia Perlman ta ƙago maganin wannan a 1985, sunansa STP. A ɗakin da yara 250 su ke zaune kusa da wayoyi, akwatin da ba shi da wannan bai dace ba.

Na huɗu, hanyar ba da umurni ta zama a rufe. Tsohuwar hanya mai suna Telnet tana tura kalmar sirri a fili, kowa mai leƙe ya karanta. A kashe ta, a yi aiki da SSH da HTTPS. Kada a taɓa barin ƙofar sarrafa akwatin tana kallon intanet. Kuma akwatin ya riƙa ajiye tarihin wanda ya shiga da lokacin da ya shiga.

Wannan magana ta shafi doka. A watan Yunin 2023 a ka sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya. Ta aza wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, ta kuma ce in an yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, a sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72. Shugaban makaranta da mai asibiti suna cikin waɗanda nauyin nan ya hau.

Tambaya ta uku: wa zai riƙa yi masa faci?

A cikin kowane akwati akwai wata manhaja wadda masana'anta ta zuba, ita ce hankalinsa. Masu sana'ar suna kiranta famwaya, mu mu ce manhajar ciki. Mutane ne su ka rubuta ta, saboda haka ba ta rasa ɓaraka. In an gano ɓaraka, kamfanin da ya ƙera akwatin shi kaɗai ke iya fito da faci. Ran da ya daina, akwatin zai ci gaba da ƙyafta fitilunsa kamar lafiya lau, alhali kuwa ya zama rumbun da ba mai sabunta masa jinka.

Ga misali. A watan Maris 2018 kamfanin Cisco ya ba da sanarwar wata ɓaraka a wani sashe na manhajar akwatunansa mai suna Smart Install, ya kuma fitar da faci. A watan Afrilu masu kutse su ka bi ta wannan sashe su ka lalata tsarin akwatuna a ƙasashe da dama, hukumomin Iran su ka ce 3,500 abin ya shafa a ƙasarsu. Shekara bakwai bayan haka, a watan Agustan 2025, hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ana nan ana shiga ta wannan ɓaraka a na'urorin da ba a yi wa faci ba da waɗanda wa'adinsu ya ƙare. Abin kuwa bai tsaya ga kamfani guda ba. A watan Satumba 2021 kamfanin Netgear ya fitar da faci ga nau'o'in akwatunansa kimanin 20 saboda ɓarakar da ke ba baƙo damar ƙwace linzami. Fitar da faci ba abin kunya ba ne ga kamfani, alamar kamfanin kirki ce. Abin tsoro shi ne kamfanin da ba a taɓa jin ya fitar da shi ba.

Manyan kamfanoni su kan bayyana ranar da za su daina sayar da wani nau'i, da ranar da za su daina kula da shi. Nau'in Catalyst 2960-X na Cisco, wanda ya bazu a makarantu da ofisoshin duniya, an daina sayar da shi a Oktoban 2022, an kuma sa Oktoban 2027 ya zama ƙarshen kula da shi. Irin waɗannan su ne turawa su ke kwashewa daga ofisoshinsu, su biyo jirgi su iso Ikeja da titin Beirut a nan Kano da sunan tokumbo. Ba laifi ba ne sayar da na hannu, ɗalibi mai koyon sana'a zai amfana da shi ƙwarai. Amma mai saye don aikin jama'a ya duba ranakun nan tukuna, gama kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Akwai kuma jabu. A 2020 kamfanin F-Secure na ƙasar Finlan ya bincika waɗansu akwatuna biyu da a ka sayar da sunan 2960-X, ya tarar na jabu ne. Abin da ya tona asirinsu shi ne, da a ka sabunta manhajarsu sai su ka daina aiki. A watan Mayun 2024 wata kotun Amurka ta yanke wa wani ɗan kasuwa ɗaurin shekara shida da rabi saboda sayar da jabun kayan Cisco, waɗanda su ka kai har asibitoci da makarantu da sansanonin soja. In jabu ya iya shiga can, ba abin da zai hana shi isowa nan. Maganinsa shi ne saye daga dillalin da kamfanin ya amince da shi, da rasit mai ɗauke da lambar jikin akwatin, da duba lambar a wurin kamfanin. A tambaya kuma ko hukumar sadarwa ta ƙasa, watau NCC, ta amince da nau'in.

A tambayi mai sayarwa har ila yau: facin kyauta a ke saukar da shi, ko sai da kwangila? Akwai akwatunan da ba su aiki sosai sai da lasisin shekara-shekara wanda a ke biya da dala. Wanda bai lissafa wannan tun farko ba, ya sayi doki bai tanadi harawa ba.

Zuba facin ma yana da ƙa'ida. A adana tsarin akwatin a wani wuri tukuna. A sauko da facin daga shafin kamfanin kaɗai. A tabbata akwatin yana bisa batir, domin in wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki yana iya mutuwa ɗungum, sai fa irin mai ajiye manhaja biyu a cikinsa, wanda shi ya fi dacewa da mu. A fara da akwati guda a gani. Kada a yi wannan aiki a makon jarrabawa, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da za a rubuta a takardar saye

Duk wanda zai sa hannu a takardar sayen akwatin nan da kuɗin makaranta, ko na ƙungiyar iyaye da malamai, ko na ƙaramar hukumar Ungogo, ya tabbata an rubuta waɗannan a fili:

1. Sunan kamfani da cikakkiyar lambar nau'i, ba yawan kafofi kaɗai ba.
2. Saurin kowace kafa, da na manyan kafofi, da ƙarfin cikin akwatin.
3. Jimlar wutar da ya ke bayarwa, da iyakar zafin da ya ke ɗauka.
4. Shinge, da gadin ƙofa, da maganin zagaye, da rufaffiyar hanyar umurni.
5. Shaidar cewa kamfanin zai ci gaba da fitar da faci aƙalla shekara biyar daga ranar saye.
6. Garanti a rubuce, da kuɗin lasisi in akwai.
7. Akwati guda na ajiya, wanda a ka riga a ka tsara, don ranar da wani ya mutu.

Bayan saye kuma a ɗora wa mutum guda alhakin kula da shi, a ba shi littafi ya riƙa rubuta lambar manhajar kowane akwati da ranar da a ka sabunta ta, ya duba shafin kamfanin ko da sau ɗaya a wata uku. Kalmar sirri kada ta tsaya a kan ɗan kwangila shi kaɗai. A rubuta ta, a rufe a ambulan, shugaba ya ajiye a ma'aji.

Jama'a, araha ba ta ado. Bambancin kuɗin akwati nagari da na banza ƙanƙane ne in an gwada shi da kuɗin kwamfutocin da ke rataye gare shi, balle a gwada shi da shekarar yaro guda. Wanda ya ji jawabin nan ya koma wurin aikinsa gobe, ya ɗaga kai ya dubi akwatin da ke bango, ya rubuta sunansa da lambarsa, ya bincika ko mai shi yana kula da shi har yanzu. In yana yi, a zuba faci. In ya daina, a fara tanadin sabo tun yanzu.